Firank Worel, Madugun 'Yan Wasan Kurket

Yara, duk wanda ya taɓa ganin gayya a gonakin Ungogo ya san ba ƙarfin hannu kaɗai ke gama noma ba. Samari sukan taru daga unguwanni dabam dabam, kowa da fartanyarsa, kowa yana so a ce unguwarsu ce ta fi. In babu wani babba wanda kowa ke jin maganarsa, sai rana ta faɗi ana gardama, ciyawa tana nan. Haka abin yake a wasa. Yau za mu karanta labarin wani mutum wanda ya haɗa kan 'yan wasan kurket na ƙasarsu.

Kurket wasa ne na Ingilishi. A ƙasarmu an koya wa ɗalibai shi a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu. Mutum 11 ke karawa da mutum 11. Akan kafa sanduna uku a nan, uku a can, tsakaninsu yadi 22. Wani ya jefo ƙwallo yana neman ya ka da sandunan, wani kuwa ya tsaya gabansu riƙe da katako mai kama da siririn allo mai dogon mariƙi, yana bugun ƙwallon. In ya buga ta yi nisa, sai shi da abokinsa su sheƙa su yi musayar wuri, an ci ɗaya ke nan. In an ka da sandunansa, ko an cafe ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, ya fita. Babban wasa na tsakanin ƙasa da ƙasa yakan kai kwana biyar. Kowane ɓangare yana da kyaftin, watau madugu. Shi ke zaɓen mai jifa, shi ke nuna wa kowa inda zai tsaya.

An haifi Firank Worel a 1924 a tsibirin Barbados. Barbados da Jamaika da Tirinidad da maƙwabtansu suna can ƙetaren teku, wajen Amurka, ana kiransu Wes Indis. Yawancin mutanensu baƙaƙe ne, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Kowane tsibiri da gwamnatinsa, amma in za a kara da wata ƙasa a kurket, sai su haɗu su fid da ƙungiya guda.

Worel ya fara yi wa wannan ƙungiya wasa a 1948. A 1950 suka tafi Ingila, ya ci 261 a shiga guda, suka kuma dawo da nasara. Sunansa ya bazu. Duk da haka bai saki karatu ba, har ya sami digiri a Jami'ar Manchesta.

To, ga wani abin takaici. Tun 1928 da Wes Indis ta fara manyan wasanni, farar fata ake naɗawa kyaftin. Sau ɗaya tak, a 1948, aka bar wani baƙi, Joj Hedli, ya shugabanci wasa guda. Masu iko sun ɗauka baƙin mutum ya iya gudu da jifa, amma bai iya jan ragama ba. Jama'a suka yi ta kuka, jaridu suka yi ta rubutu, har a 1960 aka ba Worel shugabanci, aka ce ya kai ƙungiyar Ostareliya.

Nauyin da ya ɗauka ba ƙarami ba ne. Da ya kasa, da an ce, ai dama mun faɗa. Ga shi kuma 'yan wasan sun saba da ƙyashin juna, ɗan wannan tsibiri ba ya son ɗan wancan ya fi shi. Worel bai yi musu tsawa ba. Ya zauna da su, ya san halin kowa, ya daidaita su kamar 'ya'yan gida ɗaya. Har Geri Alekzanda, wanda ya sauka daga kyaftin, ya bi shi ya yi wasa a ƙarƙashinsa da zuciya ɗaya.

Wasan farko a garin Birisben aka yi shi. Ran 14 ga Disamba, 1960, rana ta biyar, magariba ta gabato, Ostareliya ta kusa cinyewa. 'Yan kallo suka miƙe tsaye, zukatan 'yan wasa suna ɗar ɗar. Worel kuwa ko gezau. Yana zuwa wurin mai jifa, Wes Hol, yana kwantar masa da hankali. Can ci ya zo daidai, saura ɗaya Ostareliya ta yi nasara, mutanenta biyu na ƙarshe suka sheƙa. Sai Jo Solomon ya suri ƙwallo daga gefe, inda sanda ɗaya kaɗai yake iya gani, ya jefa, ya kuwa same ta. Wasa ya ƙare, kowa yana da 737. Tun 1877 da aka fara irin waɗannan manyan wasanni ba a taɓa yin kunnen doki haka ba.

Cikin wasa biyar na wannan tafiya Ostareliya ta ci biyu, Wes Indis ta ci ɗaya. Amma ran da za su tashi, dubban mutanen Melbon suka cika tituna suna yi musu ban kwana. Kun ga an kā da su, aka kuma raka su kamar sarakuna, saboda ladabinsu da kyan wasansu. Har yau in ƙasashen nan biyu suka kara, Kofin Firank Worel suke nema.

A 1962 'yan Indiya suka zo Wes Indis. A Barbados ƙwallo ta sami kyaftin ɗinsu, Nari Kontirakta, a ka, ya yi mummunan rauni. Worel yana cikin waɗanda suka ba da jininsu, aka ceci ransa. Mutanen Kalkata ba su manta ba, kowace shekara 'yan kurket na can sukan ba da jini don tunawa da shi.

A 1963 ya sāke kai mutanensa Ingila, suka ci uku, Ingila ta ci ɗaya, sa'an nan ya huta. Manyan wasanni 51 ya yi, ya shugabanci 15, ya ci 9. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1964. Ya rasu a Jamaika a 1967, yana da shekara 42.

Yau ma yaranmu suna wannan wasa. A 2020 samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu, Silbesta Okpe ne kyaftin. Kai ma wata rana a ce kai ne shugaban aji, ko madugun 'yan ƙwallo. In ranar ta zo, ka tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kyaftin a wasan kurket?
2. Don me nauyin da Worel ya ɗauka a 1960 ya yi yawa?
3. Me ya faru a Birisben?
4. Me ya sa mutanen Melbon suka raka waɗanda aka kā da su?