Inshorar Lafiyar Ɗalibi a Ƙasar Waje: A San Abin da Aka Saya

Idan iyali suka zauna lissafin tura ɗa karatu ƙasar waje, kuɗin makaranta ne ke cinye hirar, sai na masauki, sai tikitin jirgi. Inshorar lafiya a ƙasan takarda take maƙalewa, a biya ta ana tsaki kamar harajin da aka ƙaƙaba wa mutum. Biyan kam ba makawa, don ƙasashe da yawa ba sa ba da biza sai da shi. Inda ake tafka asara shi ne ɗalibi ya sauka da takardar a jaka, bai san me ta ɗauke masa ba, bai san me ta bar masa a wuya ba, sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi cikin dare a garin da bai da kowa.

A Birtaniya, tun watan Afrilun 2015 duk ɗalibin da bizarsa ta wuce wata 6 sai ya biya kuɗin lafiya kafin a ba shi ita. Da fam 150 a shekara aka fara, ya koma 300 a 2019, ya zama 470 a 2020, daga Fabrairun 2024 kuma ya kai fam 776. Kuma dunƙule ake biya, na dukkan tsawon bizar: mai digiri na biyu na shekara ɗaya yakan biya fam 1,164, saboda bizarsa tana zarce shekara da 'yan watanni. Da wannan kuɗi zai ga likita, a kwantar da shi a asibitin hukumar NHS, har a yi masa tiyata, ba wanda zai miƙo masa takardar biya. Amma a Ingila kowane magani ɗaya da likita ya rubuta yana da kuɗinsa, fam 9.90, kuma ciwon haƙori da gilashin ido yawanci daga aljihu ne. Sannan ba a shiga wurin ƙwararren likita kai tsaye kamar yadda aka saba a gida. Sai an yi rajista da likitan unguwa da suke kira GP, shi zai tura mutum gaba. Wanda ya bar rajistar sai ciwo ya zo, ya haɗa wa kansa jira biyu.

Amurka ce wurin da rashin sani ya fi tsada. Can babu tsarin kula da lafiya na gwamnati da ya ɗauke wa kowa da kowa kuɗin asibiti, kuma ko motar ɗaukar marasa lafiya da kuɗinta take zuwa. Gwamnati ta gindaya wa masu bizar J-1 inshorar da za ta biya aƙalla dala 100,000 kan kowace rashin lafiya ko haɗari, da dala 50,000 na kwaso majinyaci zuwa gida, da 25,000 na mayar da gawa. Masu bizar F-1, waɗanda su ne akasarin ɗalibai, jami'arsu ce ke kafa musu sharaɗi. A nan dillalai ke shigowa da inshora mai arha, ita kuwa arha ba ta ado. Akwai kason da mutum zai fara biya da kansa kafin kamfani ya sa hannu, akwai kuma jerin asibitocin da kamfanin ya yi yarjejeniya da su. A kuskure a je wani daban, lissafi ya ninka.

Za a ce yaro matashi ne, ƙalau yake. Amma santsin ƙanƙara ba ya tambayar shekaru, haka ciwon afendis. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon sikila, sanyi kuwa yana tayar da shi. Kamfanonin inshora masu zaman kansu sukan ware ciwon da mutum ya zo da shi. A Ostireliya, inshorar dole ta ɗalibai tana iya sa jiran wata 12 kafin ta biya irin wannan. Ɓoye ciwon a fom ba dabara ba ce, don ranar da aka gano, kamfani zai iya ƙin biya.

Wasu kuma damuwarsu ta addini ce, kuma ba abin rainawa ba ce. Malamai sun yi saɓani kan inshorar kasuwanci, abin da ya sa aka samar da tsarin takaful. Sai dai da yawansu sun yi sassauci inda doka ta tilasta, kuma wanda ya ƙi yin tanadi, in ciwo ya zo, 'yan uwansa ɗalibai ne za su bi masallaci da WhatsApp suna haɗa masa gudummawa.

Don haka, iyaye, kafin yaro ya hau jirgi a zauna da shi a karanta takardar nan layi-layi, musamman shafin abubuwan da ba ta biya. Ya tafi da rahoton likitansa da sunayen magungunansa a rubuce, ya yi rajista da likita a makon farko. In kuma ya koma daga hutun gida ya ji zazzaɓi, ya faɗa wa likita daga inda ya fito, don likitan Turai ba lallai maleriya ta faɗo masa a rai ba.