Farautar Gwanki Lokacin Barbara

Kai mai karatu, ka sani duk naman dajin ƙasar Zazzau kaɗan ne suka kai gwanki girma da wuyar samu. Shi ya sa maharba ke masa kirari, gwanki sha bara.

Gwankaye garke garke su ke tafiya, mata da 'ya'yansu, da babban namiji guda. Sa'ad da mace ta so barbara, namijin nan ba ya yarda wani ya matso. In wani ya zo, sai su durƙusa bisa gwiwoyinsu su yi ta karo da ƙaho. To, a nan ne tsautsayinsa ya ke, gama hankalinsa ya rabu.

Maharbin da ya san aikinsa da asuba ya kan fita, ya nemi sabon sawu a bakin mashaya. Ya kan watsa toka kaɗan sama, ya ga inda iska ta nufa, domin ya sa ta a fuskarsa. In ta bi ta bayansa, ta kai musu warinsa, sai su zura. Waɗansu su kan ɗaura kan burtu a goshi, su yi ta rarrafe suna kaɗa shi, naman ya zaci tsuntsu ne ke kiwo. Amma gwanki mai rauni mugu ne, kada ka kusance shi ta gaba.

A ƙasar Amurka kuma akwai wata babbar dabba mai ƙaho reshe reshe, ana ce da ita elek. Cikin watan Satumba namijin ya kan yi kuka mai ƙarfi. Maharbi ya kan kwaikwayi kukan, shi kuwa ya taho da fushi, yana tsammani abokin gāba ne.

Amma fa ka yi tunani. Gwanki ɗa guda ta kan haifa, bayan wata tara. In an kashe uwa, an kashe biyu ke nan. Noma da bindiga sun rage su ƙwarai. Don haka aka keɓe dajin Yankari a 1956, da na Kamuku, wajen Birnin Gwari, wanda ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1999. Doka ta hana farauta cikinsu. Wanda ya cinye iri bana, me zai shuka baɗi?