Sasantawa Tsakanin Manomi da Makiyayi: Aikin Maigari da Hardo

Idan damina ta janye, ruwan tabkunan arewa ya soma ƙafewa, garken shanu sukan gangaro kudu. Sau da yawa sukan iske hatsi da wake ba a gama kwashe su daga gonaki ba. A nan ne rigima take tashi.

Da shanu sun yi ɓarna, mai gona yakan kai kuka gun maigari, shi kuma ya aika a kira hardon Fulani. Ba a zaure ake yanke maganar ba. Akan tashi dattawa daga ɓangarorin biyu su taka har gonar, su bi sawun dabbobi, su ƙiyasta damin da aka yi hasara. Nan akan daɗe ana ja-in-ja. Manomi yakan ƙara, makiyayi yakan rage, wani lokaci ma ya nuna cewa gonar ce ta cinye burtali, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Mai sulhu na ƙwarai ba ya gaggawa. Yakan bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, sa'annan ya faɗi diyyar da ɗaya zai iya biya, ɗayan kuma ya karɓa ba tare da jin an ci masa fuska ba. Yana sane da cewa da rani manomin nan zai nemi takin shanun, makiyayin kuma zai nemi karan gonar.

Ƙasarmu ta ga abin da rashin wannan zama yake haifarwa. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, an hallaka Fulani fiye da 100 a Toda, cikin jihar Maradi, galibinsu mata da yara.

Dokar karkara ta ran 2 ga Maris 1993 ta tabbatar wa sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rikici kafin a kai ga alƙali, ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. In an shirya, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In an kasa, ita ma a rubuta, a tura magana gaba. Ƴan'uwa da suka yi yaƙi da jahilci, ku karanta takardar nan da idonku kafin ku sa hannu, ku kuma adana taku, domin baɗi shanun za su sake biyo wannan hanya.