Sana'ar Uwa a Fom ɗin Jami'o'in Amurka: A Daina Ƙirƙiro Mata Ofis

Akwai wata shawara da ke yawo a tsakanin ɗalibanmu masu neman gurbin karatu a jami'o'in Amurka, kuma na gaji da jin ta. Wai idan mahaifiyarka matar gida ce, kada ka kuskura ka rubuta haka a fom, domin za a raina gidanku, a ture takardarka gefe. Sai ka ga yaro a shagon intanet, mai cike masa fom yana ba shi fatawa: "Kai dai sa mata 'yar kasuwa, ko ka ce ma'aikaciyar gwamnati ce." Baiwar Allah da ba ta taɓa karɓar albashi ba, kafin ƙiftawa da bismillah an naɗa ta darakta.

Fom ɗin da akasarin ɗalibai ke cikewa shi ne Common App, wanda aka fara amfani da shi a 1975, yanzu kuma jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar sa. A sashen iyali ana tambayar sunan iyaye da matakin karatunsu da sana'arsu, kuma a cikin jerin sana'o'in akwai gurbin wanda kula da gida ne kaɗai aikinsa. Masu fom ɗin da kansu suka tanadi gurbin, domin a Amurka ma miliyoyin iyaye ne ke zaune a gida suna renon 'ya'ya, har da maza. To wane ne zai raina abin da ake yi a gidansa?

Masu tantance takardu ba sa ba da maki a kan muƙamin uwa. Suna duba wannan sashe ne don su san daga ina yaro ya taso, su auna sakamakonsa da irin damar da ya samu. Yarinyar da ta ci jarrabawa da kyau alhali babu mai digiri a gidansu, jami'o'i da dama suna ganin hakan abin yabo ne. Wanda ya ƙirƙiro wa uwarsa ofis da digiri, shi da hannunsa ya goge wannan shaida.

Babbar matsalar tana wajen kuɗi. Ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba yawanci ba ya shiga tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, don haka jami'o'i da yawa kan sa ya cike CSS Profile na hukumar College Board, ko wani fom nasu, inda za a zayyana abin da iyaye ke samu da abin da suka mallaka. Daga nan a nemi shaida: takardar albashi, wasiƙa daga wurin aiki, bayanin asusun banki. Ka ce uwarka ma'aikaciya ce, ina takardar albashinta? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko dai a ɗauka kun ɓoye wani kuɗi, ko a lissafa muku kuɗin da babu shi a rage tallafin. Kuma kafin a tura Common App sai ɗalibi ya sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne, jami'a na da ikon janye gurbin ko bayan ta bayar. Gaskiya ne wasu jami'o'in suna la'akari da yawan tallafin da baƙon ɗalibi ke buƙata kafin su ɗauke shi, saɓanin irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da ba sa duba wannan. Amma ko masu yin la'akarin ma alƙaluma suke kallo, sunan sana'a ba ya ƙara ko kwabo.

Akwai kuma masu rubuta "marar aikin yi" don a tausaya musu, shi ma kuskure ne, tunda uwar ba aiki take nema ba.

Abin yi ba shi da wahala. Idan kula da gida ne kaɗai aikinta, a zaɓi wannan gurbin, shi ke nan. Idan kuwa tana sana'a a cikin gida, kamar yadda dubban matanmu ke yi, ɗinki ko kitso ko ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a faɗi haka, a zauna da ita a ƙiyasta abin da ke shigowa a shekara, a sa adadi ɗaya a kowace takarda. Idan ta taɓa koyarwa ta ajiye, karatunta yana da nasa gurbin daban, a rubuta shi yadda yake. Uban da ya yi ritaya, fom ɗin tsohuwar sana'arsa yake so. Gidan da ke da mata biyu ko uku da 'ya'ya masu yawa a kan albashi ɗaya, a yi bayani a filin ƙarin bayani, kada a bar mutumin da bai san tsarin gidajenmu ba ya yi ta hasashe. Ɗalibin da ke taya uwarsa raino ko girki ko jiran sana'a, shi ma akwai gurbin hidimar iyali a jerin ayyuka 10 da fom ɗin ya ba shi damar lissafawa. In abu ya shige duhu, cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara, can ya kamata a nufa, ba wajen mai shagon da burinsa a biya shi ya kira na gaba ba.