Abin da Lemun Tsami Ya Koya Mini Game da Mabul

Da hutu na je gidan yayata a Potiskum, na yanka lemun tsami a kan sabon teburin mabul na kicin ɗinta. Kafin gari ya waye wurin ya dushe, har yau tabon yana nan.

Ɗan'uwa ɗalibi, mabul ba marmara ba ne, wato jan dutsen nan namu. Dutsen farar ƙasa ne da zafi da nauyin ƙasa suka rikiɗar da shi. Ana haƙarsa a Jakura ta Kogi da Igbeti ta Oyo. Duk abu mai tsami yana cinsa: tsamiya, zoɓo, tumatir.

Kafin ka saya, ɗiga lemu a ɓallinsa ka gani. Yanka kuwa, a kan katako. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙurar hunturu tana kartarsa. Mai yawan girki, giranit ya fi masa.