Yadda ake gano ƙwan tsutsar ciki a jikin ƴaƴan itace

Daga watan Maris zuwa Mayu mangwaro kan cika kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Sai dai ɗan itace kan yi kyau a ido alhali ɓawonsa na ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, ko ƙwayoyin da ke haddasa zawo da atini, irin su amiba, Giardia da Cryptosporidium. Ƙudaje, ƙasa, hannun da ba a wanke ba da gurɓataccen ruwan da ake yayyafa wa kaya su ne ke kai su can.

Gano su a laboratuwar aiki ne mai wuya. Bakteriya ana iya renonta a faranti har ta yi yawa, amma waɗannan ba a renonsu haka, kuma sau da yawa ƴan kaɗan ne a jikin kayan. Don haka sai an kankare su, a tara su wuri guda, sannan a duba.

Da farko ana auna ƴaƴan itacen, a zuba su cikin ruwan gishiri ko ruwan sabulu na musamman, a girgiza sosai. Ruwan wankin ne ake bincika. Ana barinsa ya kwanta, ko a juya shi da ƙarfi cikin na'ura har laka ta taru a gindin kwalba. Wani lokaci ana ƙara ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwan ya taso sama, datti ya nutse.

Daga nan ana ɗiga kaɗan a kan gilashi da ruwan aidin, a duba da mikroskop. Ƙwan tsutsar Ascaris, mai mikron 45 zuwa 75, ba ya wuyar gani (mikron 1000 ne ke yin milimita guda). Cryptosporidium kuwa mikron 4 zuwa 6 ne kawai, sai an rina shi da rinin Ziehl-Neelsen ya fito ja.

Mikroskop na da iyaka: amibar da ke sa atini tana da ƴar uwa marar cutarwa, kamarsu ɗaya. Gwajin PCR, mai karanta ƙwayar halitta, shi ke rarrabe su, amma yana da tsada, kuma bai faɗin ko ƙwayar na da rai.

Wasu ƙwayoyin kan maƙale a ɓawo, wasu su ɓace wajen wanki, saboda haka rashin ganinsu bai tabbatar da babu su ba. Kuma ruwan jabel, a yadda ake sa shi a gida, bai kashe Cryptosporidium da ƙwan Ascaris. Abin da ya fi shi ne a wanke hannu da sabulu, a cuɗa ɗan itace da ruwa mai tsabta, a fere shi kafin a ba yara.