Bikin Kirsimati da Masu Ciwon Alkama

Kaka ta yi, Kirsimati ya kusa, mata sun soma tanadin fulawa domin cincin da fanke. Amma mu tuna akwai 'yan'uwa waɗanda alkama ba ta karɓe su ba. Likitoci suna kiran wannan ciwo siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani abu mai danƙo, sunansa gulutin, wanda yakan ɓata ƙaramin hanjinsu har abinci ya kāsa amfanin jiki. Sai zawo, kumburin ciki da ƙarancin jini. Yaro kuwa ba ya girma. Wani likita a ƙasar Holan, Willem Dicke, ya nuna a 1950 cewa alkama ce sanadi. Maganin ɗaya ne: a bar ta muddin rai.

Mu manoma abin ya zo mana da sauƙi. Dawa, gero, masara, shinkafa, acca, doya da wake duka ba su da gulutin. Tuwo da nama, su ci su ƙoshi.

Haɗarin yana madafa ranar biki. Kada a soya musu nama ko ƙosai a man da aka soya cincin. A wanke tukunya da muciya sosai. Taliya, alkaki da Semovita alkama ce. Lemon malta kuma na sha'ir ne. Wasu sukan zuba fulawa a ɗanwake ko waina, sai a tambaya. Mun sani ƙin abincin maƙwabci da nauyi, amma kada mu ce wa baƙo "ɗan taɓa kaɗan", gama kaɗan ɗin ma yana yi masa ɓarna.

Wanda yake zaton yana da ciwon, ya je asibiti a gwada jininsa kafin ya daina cin alkama, don in ya riga ya daina, gwajin ba zai nuna gaskiya ba.